Ranar da Na Hau Gangirwal da Mahaifina

Shekarun baya, tun ba a cire mu daga jihar Sakkwato ba, na yi wata tafiya da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ban cika ba da labarinta ba, don in na fara nakan tsaya a tsakiya. Yau dai zan gwada in kai ƙarshe.

Ni ne ɗansa na fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye ni aka kai ni Gwandu wurin kakata, a can na girma, na yi firamare, na koyi ɗinki. Shi kuma yana Kalgo da mahaifiyata da ƙannena. Bai taɓa kiran sunana ba. In na zo gaisuwa na durƙusa, sai ya amsa yana kallon bango. In yana da magana da ni, sai ya kira ƙanwata ya ce, "Hwaɗa ma wancan kaza," ina zaune taku uku tsakaninmu. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka shi ma ubansa ya yi masa. Ban taɓa jin haushi ba. Amma ina ganin yadda yake wasa da ƙanena har yana jan kunnensa, ni kuwa ko tafin hannunsa ban san taushi ne da shi ko kaushi ba.

Malamin dabbobi ne. Yana saurayi aka tura shi tsaunin Mambila yi wa shanu allura. A can akwai wani dutse da Fulani ke kira Gangirwal, a bakin iyakar Kamaru, wanda aka ce duk ƙasar nan babu mai tsawonsa. Ya taɓa hawa har ya kusa kaiwa, ya dawo. Duk majalisar ƙofar gidanmu sun haddace labarin. "Saura kaɗan," in ji shi, "ruwa ya kece, dole munka juyo." Abokansa har tsokanarsa suke yi, da hadari ya haɗu sai wani ya ce, "Malam, ga abokin gabarka nan tahe."

Da ya yi ritaya, sai ya ce zai koma ya ƙarasa. Aka ɗauka wasa ne, har aka ga ya kai takalmansa wurin baduku. Ƙanena ya so ya raka shi, amma yana aikin soja a kudu, ba a ba shi hutu ba. Mahaifiyata ta ce ba inda zai je shi kaɗai da gwiwar nan tasa mai ciwo. Ita ma ba ta iya yi mini magana kai tsaye, sai ta aiko ƙanwata har Gwandu, ta same ni a kan keken ɗinki.

"Inna ta ce ka rufe shago ka raka Baba."

"Shi ya yarda?"

"Bai ce a'a ba. Ya dai ce dutsen ba na teloli ba ne."

Bayan an gama yankan shinkafa muka kama hanya. Kwana huɗu muna sauya mota, ta Zariya da Jos har Jalingo, sannan Serti. Mutum biyu da ba sa magana da juna, a kujera ɗaya. Duk wanda Allah ya zaunar kusa da mu, shi ne ɗan aike. Na tuna wata tsohuwa mai daddawa da muka shiga mota tare daga Jos. Mahaifina ya ce mata, "Hajiya, tambayi wancan ko ya ci abinci." Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Kurma ne?" Na ce, "A'a Iya, ɗan fari ne." Ta ce, "Ayya. To ka ci?" Na ce na ci. Ta juya ta ce, "Ya ce ya ci," duk da ya ji da kunnensa.

Daga Serti mota ta fara hawa tana kuka kamar za ta mutu. Ni da ban taɓa hawan abin da ya fi rumbu tsawo ba, na rufe ido ina ta salati. Muka sauka a wani ƙauye inda hanyar mota ta ƙare. Sanyin wurin ba irin namu ba ne, mai laima ne, yana shiga har ƙashi. A nan aka haɗa mu da wani tsohon maharbi Bafulatani, ɗan siriri, gajere, wanda zai yi mana jagora. Mahaifina ya gaishe shi da Fulatanci, suka saba nan take. Da ya gane yadda muke, sai ya yi dariya ya ce su ma haka suke yi, amma su ba sa kai kunya kan dutse.

Ranar farko ni na ba da abin dariya. Na naɗa gammo na ɗora kayanmu a ka, kamar mai zuwa kasuwar Kalgo: bargo biyu, buta, tukunya, gari da ƙuli-ƙuli. Maharbi ya ce in goya a baya. Na ce a garinmu mata ke goyo. A hawa na farko, da na sunkuya in ga inda zan sa ƙafa, kayan suka wuce ta gabana. Muka tsaya mu uku muna kallon tukunya tana gangara tana kiɗa har cikin rafi. Mahaifina ya ce wa maharbi, "Hwaɗa ma wancan, in ya gama sarauta, shi yi goyo." Na sauka na ɗauko tukunya, na yi goyo. Ban sake jayayya da tsohon nan ba.

Muka wuni muna tafiya cikin ciyawa mai kai wa ƙugu, muna tsallake rafuka masu sanyi kamar ƙanƙara. Gwiwar mahaifina ta kumbura, amma ko sau ɗaya bai ce a tsaya ba. In ya ga na ja baya ina haki, sai ya ce wa iska, "Mutum shi sha ruwa." Sai in sha. Muka kwana a wata ruga, da asuba muka tashi.

Da hantsi muka fito daga wani kurmi mai duhu, sai hanya ta tsuke. Wani siririn tudu ne ya haɗa inda muke da babban dutsen, faɗinsa bai wuce tabarmar salla ba, tsawonsa kamar daga ƙofar gidanmu zuwa masallacin unguwa. Dama gangare, hagu gangare, ciyawa mai santsi, ƙasa kuwa ba a ganin ƙarshenta sai hazo. Ga iska tana turo mutum. Maharbi ya taka ya wuce kamar yana tsakar gidansa, ya ajiye kayansa a can, ya dawo.

Mahaifina ya yi taku biyu, ya tsaya. Ya ja da baya, ya zauna a kan wani dutse, ya ɗora sandarsa a cinya. Na ɗauka gwiwa ce. Muka jira. Maharbi ya ce, "Malam, rana na tafiya. In ta karkata gajimare zai rufe, ba hawa sai wata shekara."

Can mahaifina ya ce, da Hausa, ba da Fulatanci ba, kuma na san don in ji ne, "Wurin ga ne. Ba ruwa ba ne ya maishe ni. Ranar ko ɗigo ba a yi ba. Nan na zo, ƙafafuna sunka ƙi."

Shekara talatin da wani abu yana ɗora wa ruwan sama laifi. Na sunkuyar da kai, don ban san inda zan sa idona ba.

Maharbi bai yi dariya ba. Ya ce ba shi ne na farko ba, mutanen ƙasar shimfiɗe da yawa a nan suke juyawa. Ya ce dabara ɗaya ce: ya dafa kafaɗun wani da hannu biyu, ya kafa ido a ƙeyarsa, kada ya dubi dama ko hagu.

"To zo in dafa ka," in ji mahaifina.

"Ni? Dube ni fa, Malam. Ko akuya ta fi ni nauyi. In ka zame, tare za mu tafi. Ga ƙato nan Allah ya ba ka, ya ci tuwon Gwandu ya ƙoshi."

Mahaifina ya dubi takalminsa. Ya ce, "A bari. Mu koma. Na dai gani da idona karo na biyu."

Ya fara neman tashi yana juya fuska wajen kurmi. Na san in muka koma, ba zai sake zuwa ba, kuma yanzu ba shi da ruwan saman da zai fake da shi, don ni na ji gaskiya. Zai zauna a majalisa, a tsokane shi, ni kuma ina gefe na sani. Wannan ne na ga ba zan iya ba.

Na kwance goyon na ajiye. Na je gabansa na durƙusa, na juya masa baya. Tun da aka haife ni ban taɓa fara yi masa magana ba in ba gaisuwa ba. Na ce, "Baba, dafa ni."

Ina jin iska, ina jin maharbi yana gyara bindigarsa a kafaɗa. Na sake cewa, "Baba, ba mai ganinmu a nan. Dafa ni mu tafi."

Sai na ji hannu a kafaɗata ta dama, sannan ta hagu. Kaushi ne da su, da nauyi, da zafi.

Muka miƙe, muka shiga. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni ma tsoron ya gama kama ni. Shi an ce ya kalli ƙeyata, ni kuwa dole in kalli hanya, kuma duk wanda ya kalli hanya sai ya ga abin da ke gefenta. Da muka kai tsakiya na tsaya cak, na kasa ɗaga ƙafa. Jikina na rawa, hannuwansa na jin rawar.

A nan ne ya yi mini magana, ni da kaina, ba ɗan aike. Murya ƙasa-ƙasa, dab da kunnena.

"Ashe kai ma."

"Ni ma, Baba."

"To gado ne. Ɗaga ta dama. Bisimilla. Yanzu ta hagu."

Haka muka ƙetare. Ni ina riƙe da nauyinsa, shi yana gaya mini ƙafar da zan ɗaga. Har yau ban san wa ya ƙetarar da wani ba. Da muka taka faffaɗar ƙasa, maharbi ya biyo mu da goyona, ya ce tun da yake rakiya bai taɓa ganin matsorata biyu sun haɗu sun zama jarumi ɗaya ba sai ranar.

Sauran hawan mai wuya ne amma ba tsoro. Kafin azahar muka kai. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, karatuna bai kai nan ba. Babu komai a sama da mu. Duwatsun da muka wuni muna ɗaga kai muna kallo duk sun koma ƙarƙashinmu, kore shar, ɗaya bayan ɗaya har inda ido ya ƙare. Gajimare na yawo a ƙasa kamar garken tumaki. Maharbi ya nuna da sanda ya ce can Kamaru ce, nan kuma gida. Mahaifina ya cire hularsa, iska na kaɗa furfurarsa, ya juya gabas da yamma, kudu da arewa, a hankali, kamar mai duba gonar da ya saya. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Na zo."

Muka yi salla a wurin, shi ya ja mu. Na dama gari da ƙuli-ƙuli a tukunyar nan da ta lotse. Na zuba masa nasa daban zan koma gefe, kamar yadda aka saba. Ya dubi maharbi ya ce, "Hwaɗa ma wancan..."

"A'a Malam," in ji tsohon. "Na ajiye aikin nan tun a ƙasa. Ga shi ga ka."

Mahaifina ya yi dariya har da tari. Sannan ya tura kwanon tsakaninmu, ya ce, "Sa hannu." Muka ci tare. A dawowa, da muka iso siririn wurin, na shiga gabansa. Na tsaya, ya dafa.

Kada ku ɗauka mun dawo gida mun zama abokai. Muna sauka daga mota a Kalgo kunya ta koma inda take, ƙanwata ta koma aikinta na aike. Har ya bar duniya bai kira sunana ba, ni ma ban sa rai ba. Abin da ya canza shi ne labarin majalisa. Da bakinsa ya gaya musu ba ruwa ba ne, tsoro ne, suka yi ta dariya, shi ya fi kowa. Ya kai ƙololuwa, babu sauran abin ɓoyewa. In hadari ya haɗu sai ya riga su cewa, "Ku bar bawan Allah, ƙarya na yi mishi."

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na daɗe ina zaton sai mutum ya daina jin tsoro yake wuce wuri mai wuya. Mu ba mu daina ba, da tsoronmu muka wuce. Na kuma gane cewa shirun da ke tsakanina da shi ba fanko ba ne, akwai abu a ciki, wurin fitowa ne bai samu ba sai a can.

Bayan wasu shekaru ciwo ya kwantar da shi, har ya kai ba ya iya zuwa alwala da kansa. Ƙannena suna ta hidima, ɗaya ya kama nan, ɗaya ya kama can, yana ta faɗa wai suna jansa kamar buhu. Ina shago a Gwandu ƙanwata ta zo. Ta ce, "Baba ya ce a kira wancan. Wai shi kaɗai ya iya."

Na rufe shago. Wata biyu na yi a Kalgo. Kullum sau biyar nakan durƙusa a bakin gadonsa in juya baya, ya dafa, mu miƙe. Daga ɗakinsa zuwa inda buta take taku goma sha ne, kuma ba mu taɓa faɗuwa ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu. Mun hau Gangirwal, ni da shi, har sama.