Takalmi a Bakin Mota

A filin sayar da motoci a Jimeta, wani saurayi cikin shadda mai guga yana tsakanin ƙananan motocin gudu biyu masu tsada. Budurwarsa na gefe, shi ya sa muryarsa ke kaiwa titi.

"Jar ta fi gudu, baƙar ta fi daɗin kwana. Kuɗi ba matsala!"

Inda zai yi gudun da shingayen sojojin nan, Allah masani.

Dillali ya buɗe jar. "Bismillah, Oga, ɗana ta."

Sai ya tuɓe takalmi a ƙasa kamar mai shiga zauren malam, ya zauna a ɗarare. Tarbiyyar gida ta tona asiri.

Dillali ya mayar da makulli aljihu. Budurwar ma takalman take kallo.