Maɗin Tuffa a Ƙofar Gida

Gidan da na tashi a cikinsa a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ya tsufa tun kafin a haifi mahaifina. Ginin dutsen teku ne mai tagogin katako, matattakalarsa kuwa sai ka yi bismilla kafin ka taka. Mu ne a hawan ƙarshe, saboda haka rufin gidan namu ne, kuma a can Kaka Hanne ta kafa mulkinta: kurfotin gawayi, tabarma, kujera 'yar tsugunne, da wata baƙar tukunya da ta ce ta girme mu duka. Ita ce mahaifiyar Baba. Tana yarinya iyayenta suka taho da ita aikin hajji daga wani ƙauye a ƙasar Zamfara, suka sauke farali suka zauna. A Jidda ta tsufa, amma ba ta yarda Jidda ta canza mata ko ɗaurin ɗankwali ba.

Maɗi take dafawa a tukunyar nan. A ƙauyensu da 'ya'yan ɗinya ake yin sa, waɗanda suka nuna suka faɗo ƙasa. Jidda babu ɗinya, sai ta koma wa tuffa. Bayan asuba takan ɗauki buhu ta nufi halaga, kasuwar kayan marmari, inda masu kaya ke ware tuffar da ta bugu a hanya su ajiye gefe, mai so ya ɗauka kafin motar shara ta zo. Nan Kaka za ta durƙusa ta zaɓi masu sauran rai. A gida ta wanke, ta yanke wurin da ya lalace, ta dafa har su narke, ta tace da tsohon haramin aikin hajjin kakanmu. Ruwan da ta tace shi take mayarwa kan wuta kaɗan-kaɗan, ba sukari, sai kanumfari, har ya yi duhu ya yi kauri. Takan ɗiga shi a farcen babban yatsa, in ɗigon ya tsaya bai gangara ba, ya yi. Ba ta taɓa sayarwa ba. Mai jego, mai tari, yaron da ya ƙi shan kunu, duk wanda ya aiko da kwalba a unguwar sai ta koma a cike.

Wannan dahuwa ta ƙarshe ita ce mai cin lokaci, kuma ita ce rabonmu. Da an idar da isha'i mu haura, ni da ƙannena da yaran maƙwabta, mu kewaye kurfotin. Iskar teku na kaɗowa da ɗan danshinta, Kaka na juya muciya tana ba mu tatsuniya. Ba ta buɗewa kamar kowa. Cewa take, "Ga ta nan tafe, ƙafa duk ƙura." Mu ce, "Ta zauna ta sha ruwa mu ji ta." Wanda ya amsa da Larabci, ranar ba zai lashi muciya ba. Ni dai na san ba ƙaunar Hausa ce ta gyara min baki ba, kwaɗayi ne.

Baba ma'aikaci ne a wani ofishi a unguwar Bagdadiyya, mutum mai son farar riga da tsare mutunci. Shi ne ɗan farin Kaka, don haka tana yi masa kunya irin ta mutanen da: ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana tsaye a gabanta sai ta juyo wurinmu ta ce, "Ku gaya wa ubanku abinci na sanyi." Muna dariyar abin, ba mu san wata rana zai zama makami ba.

Rigimar ta taso ne ranar da wani abokin aikin Baba ya ce, a gaban mutane kuma cikin raha, ya ga wata tsohuwar takaruniya tana tonon shara a halaga, kamar mahaifiyar Baba. Takaruni shi ne sunan da ake kiran irinmu da shi, jikokin alhazan Afirka, kuma ya danganta da bakin da ya faɗe shi. Baba ya dawo gida fuska a murtuke, da kwalin tuffa a kafaɗa, jajaye masu sheƙi, kowace a cikin takardarta. Ya dire a gaban Kaka.

"Inna, halas, ya isa," ya ce. "Ga tuffa nan. Duk lokacin da ta ƙare zan kawo wata. Halaga kuma an gama, wallahi abin kunya ne. Me kika rasa a gidan nan?"

Kaka ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta mayar. Sannan ta dube ni. "Zainabu, ki gaya wa ubanki ba a maɗi da lafiyayyen ɗan itace. Lafiyayye ci ake yi. Wanda aka yar ake ceto."

Kafin magariba ta rabar da kwalin kaf ga yaran layi. Washegari da asuba ta ɗauki buhunta ta fita.

Baba ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Amma kunya ta rufe masa ido. Tana can kasuwa ya haura rufi ya ɗauke tukunyar da kurfotin, ya kulle a bayan motarsa ya tafi aiki. Kaka ta dawo ta tarar da toka kawai a wurin. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa ba. Ta zauna ta wanke tuffarta ta yanyanke kamar kullum. Ni ce na yi ta jin haushi a madadinta, na ƙi cin abincin rana, wanda bai dami kowa ba sai cikina.

Daren nan ta kira mu rufi, ba wuta ba ƙamshi. Ta sa aka matso da tabarmar daidai saitin tagar ɗakin Baba, ta kuma ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce an yi wani gari mai ganuwa, da sarki mai son a yabe shi. Wata rana baƙi suka zo wucewa, suka ga mata suna tsintar ɗinya a ƙasa, suka yi dariya suka ce ashe garin nan yunwa ake yi. Magana ta kai kunnen sarki, ya sa aka yi shela: daga yau duk abin da ya faɗo ƙasa na ƙasa ne, wanda ya sunkuya ya tsinta ya zubar wa gari da mutunci. Mutane suka bi. Ɗinya ta zuba ta ruɓe, ƙudaje suka yi biki. Amma akwai wata tsohuwa da ta fito da ƙwaryarta da rana tsaka ta ci gaba da tsinta. Aka kama ta aka kai fada. Sarki ya ce, ba ki ji shela ba? Ta ce ta ji. Ya ce, ba ki jin kunyar baƙi? Ta ce, "Ranka ya daɗe, baƙon ne ya shuka itacen, ko shi ya jefo min ɗan?" Sarki ya fusata ya sa aka fasa tukunyarta aka fitar da ita bayan ganuwa.

Tsohuwa ta samu wata tukunyar, ta kafa murhu a gindin ɗinya daf da ƙofar gari, inda duk mai shiga da fita zai gan ta. Ƙamshin maɗi ya tsallake ganuwa, don ba a yi dogarin da zai kama ƙamshi ba. Yara suka fara zuwa, iyaye mata suka biyo yara, maza suka biyo matansu. Wannan ya kafa bukka, wancan ya kafa rumfa, har gari ya tashi ya koma gindin ɗinya. Aka bar sarki a cikin ganuwarsa, tsaf-tsaf, ba mai sunkuyawa, ba kuma mai gaishe shi.

Ƙanena ya tambaya ko sarkin ya tuba. Kaka ta ce, "Wa ya tambaye shi?" Sannan ta rufe da cewa, "Ƙurunƙus. Wanda bai ji da kunne ba, gobe ya ji da hanci." Daga ɗakin Baba muka ji an ja tagar katako an rufe.

Washegari da la'asar, lokacin da layinmu ya fi cika, Kaka ta sauko. Ta aro tukunya wurin maƙwabciya, ta jera duwatsu uku a ƙofar gida, ta hura wuta da guntayen katako. Ta zauna a kujerarta, tulin ɓawo da ruɓaɓɓiyar tuffa a gefe, a fili, ba ta ko rufe shi ba. Masu shago suka leƙo, 'yan dako suka tsaya, wani mai tasi ya rage gudu yana kallo. Duk wanda ya gaishe ta sai ta amsa da ƙarfi ta ƙara da cewa daga halaga ta tsinto. Mata kuwa suka fara aiko da kwalabe.

A haka Baba ya dawo ya same ta. Har yau ina ganinsa tsaye da farar rigarsa, makullin mota a hannu, hayaƙi na bugun fuskarsa. Ya sunkuyar da murya ya ce, "Ya Inna, don Allah. Mutane na kallo."

Kaka ba ta ɗago ba. "Zainabu, ki gaya wa ubanki su kalla, ido ba ya rage maɗi. Ki kuma gaya masa, in tukunyata ta kwana a mota yau, gobe a ƙofar ofishinsu zan hura wuta. Na san hanyar Bagdadiyya."

Ban maimaita ba, ba a buƙata. Baba ya juya ya buɗe bayan mota, ya rungumo baƙar tukunyar a ƙirjinsa, ya haura da ita sama a gaban kowa, ya dawo ya ɗauki kurfotin. Rigar ba ta sake sawuwa ba. Bai ba ta haƙuri da baki ba, ita ma ba ta nema ba, kuma ba a ƙara ta da maganar halaga a gidanmu ba har ta rasu.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar kan almubazzaranci ce. Sai da na girma na shiga aiki, na ji kalmar nan ta takaruni da aka jefi Baba da ita an jefe ni da ita, sannan na gane abin da Kaka ke faɗa. Kunya kaya ce, wani ne ke ɗauro ta ya miƙo maka, kuma ba dole ne ka kawo kai ba. Baba ya karɓi tasa don yana son ya kare mu, ban ga laifinsa ba yanzu. Kaka ce ta ƙi karɓa, ta ƙi kuma bari a ɗora mana.

Bara Baba ya kwanta ciwo a gidana a unguwar Sharafiyya, abinci ya ƙi shiga. Wata safiya ya ce maɗi yake so. Na shiga babban kanti na sayo tuffa mai kyau, na dafa yadda na gani ana yi, na kai masa a cokali. Ya ɗanɗana ya kawar da kai.

"Masu kyau kika sayo ko?" ya ce. "Yalla, ki je halaga."

Na je kafin in wuce aiki, da abayata mai guga da jakata a kafaɗa. Na sami inda ake ware waɗanda suka bugu, na durƙusa na fara zaɓe. Wata mata da ta zo sayayya ta tsaya tana kallona daga sama har ƙasa, ta taɓe baki. Na ɗago na zuba mata ido har sai da ta sauke nata ta wuce. Sannan na ci gaba da cika buhuna.