Gatarin Surukina da Ƙafar Saniya

Da ɗana ya ce zai auri Baturiya, ban yi musu ba. Yarinyar tana da kunya, kuma tana cin tuwo da hannu. Matsalar ubanta ne, wani dogo mai gemu da ke zaune a Irving Park, wata unguwa a garin Turawan nan da muke zaune, wanda ba ya minti biyar bai ambaci kakanninsa na Norway ba.

Ranar da suka zo gaishe mu, uban ya shigo rungume da wani abu cikin ƙyalle kamar jariri. Gatari ne mai doguwar ƙota, bakinsa faffaɗa, an yi masa zanen macizai. Ya ce da irinsa kakanninsa suke yaƙi, in namiji ya mutu ma da shi ake binne shi. Wannan wani maƙeri ne a can ya ƙera wa mahaifinsa, yanzu ya ba mu don gidajen biyu su zama ɗaya. Na yi godiya sosai. A raina kuwa na ce, mutanen da suka ƙetare teku suna sare bayin Allah, yau su ne abin alfahari.

A wurinmu, in suruki ya ba ka kayan aiki ka jingine, ka raina shi. Da za su dawo cin abinci ranar Lahadi, na sayo ƙafar saniya a wani shago a titin Wendover, na shimfiɗa kwali a bayan gida, na wasa gatarin da dutse. Kai, kakannin nan sun san ƙashi! A saran ƙarshe ne bakin ya ɗan gutsure.

Mutumin ya sha farfesu kwano biyu yana gumi. Sai na ɗauko gatarin da fara'ata, in nuna masa ba zaman banza yake yi a gidana ba. Kitse ya cike idanun macizan. Ya ajiye cokali, ya shafa giɓin da babban yatsa, fuskarsa ta yi ja. Nan na ga auren yana tangal-tangal.

Ɗana ya biyo ni kicin. Shekara da shekaru ina masa Hausa yana mayar mini da Turanci, amma ranar, don kada yarinyar ta ji, da Hausa tsantsa ya yi magana.

"Mama, in aka fasa auren nan, ba zan yafe miki ba."

Ba a fasa ba. Amma bai sake yi mini Hausa ba, ni ma ban sake roƙonsa ba.