Ranar da Aka Sauke Ni a Nasarawa

Wata Laraba ce a bazarar 1984, shekarar da aka canja kuɗi, babbar mota mai bodin katako ta tsaya a ƙofar gidanmu, a wani ƙauye kusa da Gummi. Ina 'yar shekara bakwai. Baba ya samu aikin masinja a Anka, amma shatar mota ta fi ƙarfinsa shi kaɗai, sai ya nemi waɗanda su ma tashi ya kama. Aka samu gida biyu: Malam Sani mai makarantar allo da matarsa Hajo, su ma Anka za su, sai Goggo Kulu yayar Baba da mijinta, waɗanda za a sauke a hanya, a Nasarawar Burkullu. Gida uku suka haɗa kuɗin mota ɗaya.

Don kada kaya su cakuɗe, namu aka ɗaura musu jan tsumma, na Malam aka ɗiga musu tawada, na Goggo ƙullin kaba. Turmi uku, gadajen ƙarfe, buhunan gero, alluna, akurkin kaji, har da akuyar Hajo da ta yini tana tauna gefen tabarmarmu. Maza suka shiga gaba wajen direba, mata da yara muka ɗare kan buhuna.

Ni ce 'yar fari. A wajenmu kuwa uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta cigiyarsa a gaban mutane, kunya ce. Inna "ke" take ce mini, in da wani take magana kuma "waccan". Saboda haka ba kusa da ita na zauna ba, a jikin Goggo na lafe. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba, kullum ta gan ni sai ta ce wa Baba, "Wagga ɗiyata ta, aro na ba ku." Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Duk randa kika shirya."

Da azahar muka iso Nasarawa. Ana sauke masu ƙullin kaba, Goggo ta miƙo hannu ta sauko da ni in sha ruwa, ta ɗora mini faya-fayanta in kai cikin gida. Ina fitowa na ga mota ta tashi. Ga Inna can saman buhuna, ƙanena a cinyarta, ido cikin ido muke. Na ga ta buɗe baki, sai ta ja mayafi ta rufe shi. Ban bi motar da gudu ba. Na ɗauka haka manya suka shirya, ni ce kawai ba a gaya wa ba.

Goggo ta fito ta gan ni tsaye, ta dubi hanya, ta dube ni, sai ta rangaɗa guɗa. "Ashe ƙanena ya cika alkawari!"

Kwana uku na yi. Na yi shara, na bi yaran unguwa rijiya, an dama mini fura da nonon da Fulani ke kawowa, Goggo ta sayo mini zane ta yi mini kitso. Wajen 'yar carafke wata ta tambaye ni, "Ke ɗiyar wa ce?" Sai duwatsun suka zube daga hannuna. Abin da ke cina guda ne: laifin me na yi wa Inna da ta gan ni ta ƙi magana?

Sai da na girma Hajo ta ba ni labarin abin da ya faru a Anka. Inna ta ɗauka Baba ne ya bai wa yayarsa ni, ba ta da bakin tambaya. Baba kuma yana gaban mota bai ga komai ba, da bai gan ni ba ya ɗauka mata ne suka gama magana a kan buhuna, ya ji nauyin tayar da zancen. Kowa na jin haushin kowa, ana ta jera kwanuka. Inna ta daina cin abinci. Hajo ce, da yake ita ba danginmu ba ce, ta gaida Baba ta ce, "Sannu da ƙoƙari, kyautar ɗiya ba ƙaramin abu ba ne." Ya ce, "Wace kyauta?"

Washegari ya biyo motar kasuwa. Ya gaida Goggo, ya ci tuwo, ya yi zancen zafi da tsadar gero har la'asar, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Ina raɓe a bakin ƙofa, ban san wanda zan bi ba. Da ya miƙe yana neman takalmansa, Goggo ta ce, "Kai, ba gaisuwa ta kawo ka ba." Ya sunkuyar da kai. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da zanen a ƙulle ta ɗora mini. "Tahi," in ji ta, "aron bai ƙare ba."

Mun tarar da Inna tana daka. Ba ta ɗago ba, sai ta tambayi Hajo, "Waccan ta ci abinci?" Can ta ajiye taɓarya, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta tsefe kitson nan da bai fi kwana biyu ba, ta sake wani, tana ja har fatar kaina na zafi. Wani abu na ɗiga a wuyana. Na ce a raina gumi ne, ai bazara ake.

Bara mu ma muka tashi, mu da maƙwabta a a-kori-kura guda. Tun daga ƙofar gida na riƙe wuyan hannun babbar 'yata, duk tsayawar da aka yi sai na kira ta da sunanta da ƙarfi. Tsofaffin da ke motar suna ta kallona, ɗaya har ta ce yaran yanzu ba kunya. Wataƙila gaskiyarta. Inna ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma har yau ina son in ji yadda da za ta faɗe shi.