Baba Ya Tafi Bai Ba Ni Ma'aunin Zoɓo Ba

Ina kan hanyar Birmingham da mota cike da kwalaben zoɓo wayar Umma ta shigo. Na ɗauka da mita a bakina, domin ranar ma Baba ne ya sa na makara. Sai na ji ta ce, "Rabi, samu wuri ki tsaya." Na tsaya. Ta ce bayan azahar Baba ya zauna a kujerarsa, ya ce jiri yake ji, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifina, Alhaji Sabi'u, shi ne mai ɗan wurin dafa zoɓo da kunun aya a unguwar Moss Side, cikin Manchester. Da tukunya ɗaya ya fara a kicin ɗin gidanmu, har ta kai shagunan unguwar Withington da na Small Heath, can Birmingham, suna jiran kayansa. Duk wanda ya zo ta'aziyya cewa yake Alhaji mutum ne mai sanyin hali. Gaskiya ne, amma su ba su yi aiki a ƙarƙashinsa ba. Ni na yi, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irin Baba ba.

Dokarsa ita ce ba a ɗura sabuwar tukunya a kwalba sai baƙo ya ɗanɗana. Ba ni ba, ba Umma ba, ba ƙanena Nasiru ba. "Harshen ɗan gida ya saba, ba ya faɗin gaskiya," in ji shi. Sai ka gan shi a bakin ƙofa cikin yayyafin Manchester, yana farautar mutane. Yau ya kamo mai kawo wasiƙu, gobe direban bas da ya tashi aiki. Matar hukumar gari da ta zo duba tsabtar wurin ma sai da ya zaunar da ita. Kuma ba a shan kofi ɗaya a tashi, ina! Sai an kawo cincin, sai an tambayi mutum garinsu da lafiyar iyayensa. Safiyar da zai rasu wani mai duba mitar wuta ya samu, suna ta hirar ciwon gwiwa, ni ina waje ina danna hon.

Na leƙo na ce, "Baba, don Allah! Mutanen Small Heath suna jira, ga cunkoson motoci."

Ya ce, "Kwalba ba ta fushi, Rabi. Baƙo ke fushi."

Da na gama jami'a na dawo da dabaru fal kaina, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya saurare ni. Na kawo injin rufe kwalba, ya karɓa. Na sa a riƙa yin oda ta waya, ya karɓa, har yana yi wa abokansa alfahari a masallaci. Da na ce masu zuwa ɗanɗano su riƙa biya, yadda Turawa ke yi a gonakin inabinsu, sai ya yi mini wani kallo kamar na zagi kakata. Ban sake tayar da maganar ba.

Abin da ya hana ni har ƙarshe shi ne haɗin tukunya. Citta, kanumfari, masoro, ɓawon abarba, duk da tafin hannu yake zubawa. Na saya masa sikeli, ya mai da shi wurin ajiye makullai. In na matsa sai ya ce, "Ki dai riƙa kallo, akwai lokaci." Haba Baba! Ina lokacin yake? Ga azumi ya ƙarato, shaguna na jira, ka tafi da ma'aunin a hannunka, mun rufe shi tare da kai.

Ranar addu'ar uku gida ya cika maƙil, har da mutanen nan da ya yi ta kamowa a titi. Nasiru, wanda a Small Heath yake zaune da iyalinsa, ya ja ni gefe ya ce, "Mu faɗi gaskiya, Yaya, in babu Baba, babu zoɓo. Mu sayar da wurin kawai." Ni ma abin da ke cina ke nan. Ashe Umma na jinmu. Ta ce, "Baƙi cike da gidan Alhaji kuna ba su lemon kanti? Tashi ki ɗora tukunya."

Na ɗora, ina kuka ina yi masa faɗa a zuci. Da zoɓon ya huce na miƙa wa Mista Desmond, tsohon maƙwabcinmu ɗan Jamaika, wanda ya fi kowa shan zoɓon Baba. Ya kurɓa, sannan ya ce da Turanci, ba irin na Alhaji ba ne, citta ta yi yawa. Na koma kicin kamar in kifar da tukunyar.

Umma ta biyo ni ta ce, "To sai me? Da ubanki ya fara, duk wanda ya san zoɓon kakarki a Fagge cewa yake ba irin nata ba ne. Ita ma ba ta auna masa ba. Shekaru ya yi yana jin haushinta, kafin mutane su fara cewa zoɓon Alhaji."

Nan na fita na gaya wa Nasiru ba za a sayar ba. Ranar Litinin zan buɗe, in Allah ya yarda, kuma citta za ta yi ta yawa har ranar da hannuna ya faɗa.

Baba, har yanzu haushinka nake ji, kuma kewarka ta fi haushin yawa. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Allah ya ba Umma haƙuri da dangana, ya haɗa kanmu ni da Nasiru, ya sa albarka a abin da ka bar mana. Ka tsaya a ƙofa shekara da shekaru kana tarbar bayin Allah, yau kai ne baƙon. Allah ya karɓi baƙuncinka, amin.