Kunun galan ɗin maganin auduga

"Baba, miƙo hannu," in ji ɗiyata Hadiza, ta zuƙi jinina a sirinji. Wai a ɗakin bincikensu wata na'ura tana tace abin da ke ciki, wata ta auna nauyinsa, har a ga tabon da guba ta yi wa ƙwayar halittar mutum.

Na ce, "Wace guba?"

Ta ce, "Maganin feshin da kuke sheƙa a Mairuwa tun kafin a haife ni."

Dariya ta kama ni. Zamanin da kuɗin fetur ya tumbatsa aka cika mu da shi. Da hannu muke dama shi. Famfo ya toshe, mu hura da baki. Galan ya ƙare, a ɗauraye a zuba mana kunu.

"Ba wanda ya gargaɗe ku?"

"An gargaɗe mu mana. An rubuta a jikin galan, da Turanci."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in kira mata abokan feshina biyar su ma su ba da jini. Na lissafa su ɗaya bayan ɗaya, kowa sai na ce Allah ya jiƙansa.

'Yan zamanina, wa ya sha kunun galan? Ku fito, na'ura na jira.