Tafin Hannun Kaka a Kan Gitar Bas

Cikin duk shekarun da na yi a aikin nan, ranar da ba ta bar raina ba ita ce ranar da direkta ya kira ni ofis ya ce in dakatar da Yagana daga darasin gitar bas. Ku sababbin malamai kun sha tambayata me ya sa ba a kunna ampili, na'urar ƙara sautin gita, a ɗakin kiɗa sai an leƙa taga an yi kira ta kan katanga. To ku gyara zama, daga ranar nan abin ya samo asali.

Ga wanda bai san gidan matasanmu na Diffa ba, direkta ne a sama. Ƙarƙashinsa akwai masu kula da ƙwallo da ɗinki da wasan kwaikwayo, sai mu malaman kiɗa da ake ɗauka da kwantiragi. Ni daga orkestra na fito, wato ƙungiyar makaɗa. Na ƙare ƙuruciyata ina buga bas a gidajen biki, daga Damagaram har bakin tafki, sai fitina ta zo aka hana taro, kowa ya kama gabansa. Mai gangarmu ya koma noman tattasai. Mawaƙinmu ya sayi babur zai yi kabu-kabu, aka hana babura. Ni Allah ya rufa mini asiri aka ce in zo in koyar.

Bas gita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, muryarta can ƙasa take. Ba wanda ya taɓa zuwa biki don ya kalli mai bas, amma ka zare shi ka ga yadda 'yan rawa za su tsaya suna kallon juna. Yara ba su san wannan ba. Kowa ƙaramar gita yake so, wadda ake tsayawa gaba da ita 'yan mata suna guɗa. Ajina shi ne wurin waɗanda suka makara aka rabe gitoci babu su.

Yagana ita kaɗai ce ta zo da ƙafarta ta ce bas take so. Lokacin tsinkar tattasai ne, yatsunta jajir da aikin gona, ba ta kai shekara ashirin ba. Tana ƙarama suka ƙetaro kogin Komadugu ita da kakarta, Kaka Falmata, ranar da aka shiga garinsu. Iyayenta ba su ƙetaro ba. Aka ba su ɗaki a gidan da ke bayanmu, wanda bangonsa ke jingine da bangon ɗakin kiɗa. Yarinyar ba ta magana, ba ta dariya, in ka gaishe ta sai ta amsa wa ƙasa.

Ranar farko ta miƙo mini salula, wato wayar hannu, ta kira ni yadda ake kiran malami a nan ta ce, "Mushe, wannan nake so ka koya mini." Na duba, sai ga wasu Turawa da gashi a tsaye kamar zankon zakara, suna tsalle suna ihu, mai bas ɗinsu yana dukan tsirkiya da ɗan filastik kamar ta ci masa amana.

Na ce, "Wannan kiɗa ne ko dambe?"

Ta ce, "Sunansa pank."

Ni da na tsufa ina koyon yadda ake lallashin bas ta yi tafiyar ƙasaita, yau ga yarinya ta kawo mini kiɗa mai murya uku, babu kwana babu sassauci, sai gudu. Na so in kore ta ita da salularta. Amma na ga yadda ta riƙe wuyan gitar, sai muka yi yarjejeniya: rabin darasi nawa ne, ta koyi zaman yatsu da bin ganga, rabi kuma nata, ta yi haukanta ni in toshe kunne.

Kafin a gama shanyar tattasai yarinyar ta sake. Ta fara gaisuwa tana kallon mutum. Har tsokanata take yi, wai bas ɗina irin na tsofaffi ne, mai sa barci bayan tuwo. Wata rana muna naɗe waya na tambaye ta abin da ta gani a wannan hayaniya. Ta ce, "Mushe, in ina buga shi da ƙarfi, ba na jin waccan ƙarar." Ban tambaye ta wacce ƙara ba. Duk wanda ya zauna bakin kogin nan a shekarun nan ya san ta.

Ƙa'idar gidanmu ita ce, ba a riƙe ɗalibi sai da yardar magabacinsa, kuma in maƙwabta suna da kuka ba sa zuwa wurin malami, bulama suke kai wa, wato mai unguwa, shi kuma ya zo ya ga direkta. Haka aka yi. Bulama ya zo ya ce matan gidan baya ne suka same shi. Tun da jikar Kaka Falmata ta fara kiɗan nan tsohuwa ta rame. Duk ranar darasi ba ta cin abinci, tana jin la'asar ta yi sai ta ɗauki tabarmarta ta bar gidan, ta je can bakin hanya gindin bishiyar bedi ta zauna ita kaɗai har magariba.

Direkta ya ce mini, "Mushe Ari, abin a fili yake. Tsohuwa kunya take ji, jikarta mace tana rataye da gita cikin maza. Ba za ta faɗa ba, ka san mutanenmu. Ka dakatar da yarinyar har sai kakar ta ce ta yarda da bakinta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan yanzu ta fara zama mutum."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa kai zan aika wurin kakar."

Ni ma kunyar na zata, bulama ma haka, mai gadi ma haka. Da na gaya wa Yagana ba ta yi gardama ba. Ta goge tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya da gefen hijabinta, ta jingine gitar, ta ce, "Kaka ba ta taɓa ce mini komai ba." Ta fita tana kallon ƙasa kamar ranar da ta fara zuwa. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Ranar darasi ta gaba na bar wa abokin aikina ajin, na sayi goro da sukari, na zagaya gidan baya bayan la'asar. Yagana tana gona. Na yi sallama, na tarar da Kaka ta naɗe tabarma za ta fita. Da ta ga baƙo sai ta warware ta, don ba a barin baƙo a tsaye. Ta shigar da ni ɗakinta, ɗaki tsaf, ga jeren kwanuka a jikin bango. Ta ce, "Wushe, wushe Malam, lale." Ta zubo mini ruwa.

Na shirya jawabi tun daga gida. Na fara zuba: da rana ake darasi, ƙofa a buɗe take, yarinya mai kamun kai ce, ba gidan biki za mu kai ta ba. Tsohuwa tana saurarena tana satar kallon ƙofa. Can ta katse ni da Hausarta ta Barebari, ta ce, "Malam, wa ya ce maka kunya nake ji? Ni da na yi rawa gaban ganga kura, babbar gangarmu, har ɗankwalina ya faɗi? Kiɗa ba baƙona ba ne."

Ba ta kai ga rufe baki ba aka kunna ampili a ajina. Wani ɗalibi ya ɗauki bas.

Shekara da shekaru ina sana'ar nan, ban taɓa jin bas daga bayan bango ba sai ranar. Bangon ƙasa yana tare muryar mawaƙi, yana tare ƙaramar gita, yana tare duk abin da zai gaya maka cewa kiɗa ne. Abin da ke ratsowa shi ne dum, dum, daga ƙarƙashin tabarma ya hau cikin mutum. Kwanukan bango suka fara kaɗawa. Moɗa ta suɓuce daga hannun Kaka. Ta dafa ƙasa da hannu biyu, leɓɓanta suna motsi da salati, idonta a buɗe amma ba ni take gani ba.

Na leƙa waje na daka wa ajin tsawa ta kan katanga, aka kashe. Da numfashinta ya dawo ta ce, "Haka ya fara a garinmu. Daga nesa. Ba a kunne ake jinsa ba, a ciki ake ji." Sannan ta kama gefen rigata, ta ce, "Don Allah kar ka gaya mata. Tun da ta fara abin nan take cin tuwo ta ƙoshi, take barci har safe. Ni tsohuwa ce, gindin bedi bai kashe kowa ba. Ka je ka ce wa babbanku na yarda."

Ga yardar da aka aiko ni nema na samu, amma na fito gidan ban san yadda zan yi da ita ba. In na mayar da Yagana aji, tsohuwa za ta ci gaba da ramewa a bakin hanya. In na gaya wa Yagana gaskiya, da hannunta za ta ajiye gitar, kuma ba mai sake sa ta ɗauka.

Na kwashe komai na gaya wa direkta. Muka fara da abin da sana'a ta sani. Bafil ɗinmu, wato akwatin da murya ke fita, a ƙasa yake zaune jingine da bangon Kaka. Muka janye shi ɗaya ɓangaren, muka ɗora shi kan tsohuwar taya da katifa don kada ya taɓa ƙasa, na rage masa kaurin murya. Na zagaya na saurara. Ya ragu sosai, kwanuka sun daina rawa, amma dum ɗin yana nan. Sai na roƙi Kaka alfarma guda, ta zo ta ga abin da idonta.

Ta zo da hantsi, lokacin da babu ɗalibai, Yagana tana biye da ita ba ta san dalili ba. Tsohuwa ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta tsaya nesa da bafil tana kallonsa kamar karen da aka ce ba ya cizo. Na ce wa Yagana ta rataya gitar, ta bugi babbar tsirkiya sau ɗaya ta bar ta ta yi ta kuka.

Ta buga. Kafaɗun Kaka suka zabura, hannunta ya tafi ƙirji. Yagana ta ɗago ta ga fuskar kakarta, kuma ba sai an gaya mata komai ba. Ta ce, "Kaka, ashe shi ya sa kike fita?" Ta kama ɗamarar gitar za ta cire.

Na ce, "Dakata. Sake bugawa, sannan ki kamo hannunta ki ɗora tafinta a kan tsirkiyar."

Yarinyar ta yi yadda na ce. Dum ya cika ɗakin, tafin tsohuwa ya sauka, ɗakin ya yi tsit. Kaka ta dubi hannunta, ta dubi bafil. Ta ce, "Sake." Yagana ta buga, wannan karon Kaka da kanta ta kai hannu ta tsayar. Ta ce a sake. Ban ƙirga sau nawa suka yi ba, na dai ga tana barinsa ya ƙara daɗewa kowane karo kafin ta taɓa. Daga baya ta ce, "Ashe wannan yana jin magana. Na garinmu ba wanda ya iya ce masa tsaya."

Nan Yagana ta fashe da kuka, irin kukan da na tabbata tun ƙetarowarsu take riƙe da shi. Kaka ta rungume ta, gita a tsakaninsu, tana ce mata, "Ya isa, uwata, ya isa. Riƙe abinki. Amma kafin ki fara ki kira ni, in san ke ce." Na waiwaya na ga direkta a bakin ƙofa yana fyace hanci, wai mura ce ta kama shi.

Da aka share hawaye tsohuwa ta zauna ta ce a buga mata abin gaba ɗaya ta ji. Yagana ta saki pank ɗinta, babu ragi. Kaka ta saurara har ƙarshe, ta juyo ta ce, "Malam, kai ka koya mata wannan?" Na ce wallahi ba hannuna. Ta ce, "Na sani. Kai da ganinka mutum ne mai kunya."

Daga ranar aka mayar da Yagana aji, kuma direkta ya sa ya zama doka: kafin a kunna ampili sai an leƙa taga an ce, "Kaka, mu ne." Ita kuma ta amsa daga ɗakinta, "Na ji, ku buga abinku." Ba ta sake zuwa gindin bedi ba. Wani lokaci ma takan turo mana ƙorafi ta kan katanga, wai mai bas ɗin yau yana gaba da ganga.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mai kiɗa yana tsaye inda kiɗansa ya fi daɗi, bai san abin da ke isa bayan bango ba sai ya zagaya ya zauna. Mutanen garin nan kuwa masu haƙuri ne, za su ɗauki tabarma su bar maka gida kafin su ce ka dame su. Shi ya sa na juya darasina na farko. Da, bugawa nake fara koyarwa. Yanzu sai ɗalibi ya iya tsayar da tsirkiya da tafinsa kafin in bar shi ya buga ta.

Kaka Falmata ta rasu daminar da ta wuce, Allah ya jiƙanta. Wasu mutane ne a ɗakin yanzu, su ma daga ƙetare suka zo, don haka dokar tana nan. Yagana kun san ta, ita ke riƙe da ajin masu farawa. Ranar da ta dawo aiki bayan zaman makoki ina ɗakin. Ta rataya gitar, ta je taga ta ce, "Kaka, ni ce." Ta tsaya daidai tsawon lokacin da tsohuwa kan ɗauka kafin ta amsa, sannan ta kunna ampili.